Tambayoyinku: Ƙirga Maganar Jama'a a Soshiyal Midiya da 'Yar Manhaja da Jerin Kalmomi

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk daga cikin garin Kaduna suka fito, kuma abu ɗaya suke kewayawa: yadda mutum zai tara rubuce-rubucen mutane a soshiyal midiya, ya sa kwamfuta ta ƙirga masa abin da ake faɗa. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda wuri.

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, aikin jarida nake karantawa. Furojet ɗina a kan abin da mutane ke faɗa ne game da tsadar mai tun da aka cire tallafi. Malamina ya ce in tara aƙalla rubutu dubu biyar. Ban taɓa rubuta manhaja ba, laftof ɗina ma tsohuwa ce. Daga ina zan fara? — Wata ɗaliba, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki kwantar da hankalinki a kan laftof. Rubutu dubu biyar bai kai nauyin hotunan biki goma ba, kuma ba sai kin saka komai a kanta ba. Ki buɗe Google Colab da adireshinki na Gmail. A can ake rubuta Python, wato harshen rubuta manhaja, a gwada shi, aikin yana gudana a kan kwamfutocin Google, taki tana nuna miki sakamako ne kawai. Sai dai Colab yana share duk fayil ɗin da kika ɗora da zarar zaman ya ƙare, don haka tun layin farko ki haɗa shi da Google Drive, ki riƙa ajiya a can. In ba haka ba, data ta yanke ko an ɗauke wuta kin daɗe ba ki dawo ba, sai ki tarar da wayam.

Wahalar tana wajen samo rubutun. Yawancin bidiyon koyarwa da za ki ci karo da su an yi su ne a lokacin da Twitter ke buɗe wa kowa ƙofar ɗebo rubutu da manhaja kyauta. An rufe wannan ƙofar a 2023, yanzu X, sabon sunan Twitter, kuɗi yake karɓa, da dala. CrowdTangle, wanda 'yan jarida suka daɗe suna bin shafukan Facebook da shi, Meta ta rufe shi a ranar 14 ga Agusta 2024. Abin da ya fi sauƙi ga ɗaliba irinki shi ne tsokacin da mutane ke yi a ƙarƙashin bidiyo a YouTube, domin Google na bayar da mabuɗin da manhaja ke ɗebo tsokacin da shi kyauta tare da kason maki 10,000 a kowace rana. Ɗauko shafi ɗaya na tsokaci, wanda ke iya ɗaukar guda 100, maki 1 ne. Amma sa manhajar ta yi miki neman bidiyo maki 100 ne kowane bugu, kuma nan ne sababbin shiga ke ƙone kasonsu kafin azahar. Ki nemo bidiyoyin da hannunki: labaran Hausa da hirarraki da aka saka daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin, ki kwafi lambar kowane bidiyo daga adireshinsa. Bidiyo talatin ko arba'in masu cunkoson tsokaci na iya cika miki adadin. Idan kason ya ƙare, yana dawowa da ƙarfe takwas ko tara na safe agogonmu, gwargwadon lokacin shekara a Amurka.

Ki lura cewa kiran da manhaja ke yi wa YouTube don ɗauko tsokaci ba ya kawo duk martanin da aka yi a ƙarƙashin kowanne, kaɗan yake haɗowa. In gardamar da ke ƙasa kike so, kuma sau da yawa can ne naman yake, sai kin yi wani kiran daban da lambar uwar tsokacin.

Fayil ɗinki ya zama CSV, wato tebur irin wanda Excel ke buɗewa, mai gurabe biyar: lambar rubutu, lambar bidiyo, rana da lokaci, rubutun kamar yadda aka yi shi, sai rubutun da aka tsabtace. Gurbi na huɗun kada ki taɓa shi har ki gama. Duk gyara a na biyar za a yi. Kafin ki rubuta jerin kalmomin da manhajar za ta nema ko guda, ki zauna ki karanta rubutu ɗari uku da idonki, da biro da takarda a gefe. Daga bakin mutane jerin zai fito. Wanda ya zauna ya haɗa shi daga kansa zai rubuta "man fetur" da "tallafi", ya manta cewa mutane "lita", "bumburutu", "layi", "kuɗin Keke" da "subsidy" suke rubutawa.

Na haɗa jerin kalmomi a kan taki da man fetur da ruwan sha, don ƙungiyarmu ta san abin da ya fi damun jama'a. Sakamakon ya nuna kusan kowane rubutu yana magana a kan mai, kuma taki ya fito a wuraren da ko noma ba a ambata ba. Ina na kuskure? — Wani ma'aikacin ƙungiyar sa-kai, Barnawa

Malam, manhajarka ba ta yi ƙarya ba, abin da ka ce ta nemo shi ta nemo. Haruffa take gani a jere. Ka ce mata t-a-k-i, ta same su a cikin "mataki" da "matakin", kalmar da ba a rasa ta a duk rubutun da ya shafi gwamnati. R-u-w-a yana cikin "ɗaruruwa" da "ruwaito". M-a-i kuwa yana cikin "maimakon", "maida", "Maiduguri".

Gyaran farko shi ne ka tilasta mata neman cikakkiyar kalma. A Python, ana kewaye kalmar da alamar \b gaba da baya, kamar haka: \b(taki|takin)\b. Ka ga mun ƙara "takin". Da ka tsaya a kan cikakkiyar kalma, sai Hausa ta ɓullo ta wata ƙofar, domin kalmarmu tana canja wutsiya: ruwa, ruwan, ruwansu, kasuwa, kasuwar, kasuwanni, kuɗi, kuɗin, kuɗaɗe. Dole ka jera kowace siga da hannunka. Kada ka yi dabarar yanke wutsiyar -n da -r daga duk kalmomi gaba ɗaya, za ta mayar maka da "nan" ta zama "na", "har" ta zama "ha".

Wannan gyaran ba zai warkar da "mai" ba. Mai gida, mai martaba, mai shayi, mai kyau, duk cikakkun kalmomi ne, kuma a rubuce babu abin da ya raba su da man da ake sayarwa a gidan mai. Mafita ita ce ka cire "mai" tilo daga jerin, ka sa shi cikin tagwaye: gidan mai, tsadar mai, layin mai, kuɗin mai, farashin mai, shan mai, man fetur. Ko a nan ka sa ido, don "gidan mai" zai kamo "gidan mai unguwa", "kuɗin mai" ya kamo "kuɗin mai gida". Saboda haka kowane jeri na buƙatar ƙaninsa, wato jerin abubuwan da in an gan su a tsallake. Na ruwa ya fi kowanne tsawo: ba ruwana, ina ruwanka, kuɗin ruwa, ruwan dare, ruwan ido, ruwa a jallo, ruwan sama in dai na famfo kake bi. "Wuta" ma haka take, ta lantarki ce ko gobara ko ta lahira, sai kalmar da ke kusa ta nuna: an ɗauke, an kawo, mita, taransifoma, NEPA, wadda har gobe sunan da jama'a ke kira ke nan.

Sai rubutun waya. Mafi yawan mutane ba sa saka lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ, wasu kuma suna maye gurbin ƙ da q, z da x, c da ch: qasa, xuwa, chikin. Tsarin tsabtacewa ya bi wannan jerin, kuma jerantawar tana da muhimmanci. A mayar da komai ƙananan haruffa. A mayar da duk nau'o'in alamar hamza, wato wadda ke cikin "jama'a", zuwa iri ɗaya, domin waya tana saka mai lanƙwasa, kwamfuta tana saka miƙaƙƙiya, ido ba ya bambancewa amma manhaja na ɗaukarsu haruffa daban. A mayar da ƙ, ɗ, ɓ zuwa k, d, b. Wannan sai da hannu, harafi bayan harafi. Dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci hula da ita ba ta aiki a kan namu, don lanƙwasar jikin harafin ce. Daga nan q ta koma k, x ta koma z, ch ta koma c. Harafin da aka ja sau uku ko fiye, irin "sosaiiii", a mayar da shi ɗaya, amma a bar mai biyu, kada "kulle" ya koma "kule". A ƙarshe a warware gajerun kalmomi: sbd, gsky, wlh, lfy, ngd.

Abin da ake yawan mantawa: jerin kalmominka ma ya bi ta wannan injin. In rubutun ya koma "kudi" amma jerinka na ɗauke da "kuɗi", ba za su taɓa haɗuwa ba. Haka Kachia da Chikun za su koma "kacia" da "cikun", "tax" ya koma "taz". Ba laifi muddin ɓangarorin biyu sun sha gyara iri ɗaya. Akwai asara a ciki, ba ma ɓoye maka: ƙasa da kasa sun zama ɗaya, faɗa da fada, baƙi da baki. Amma masu rubutun sun riga sun haɗe su tun kafin ka zo.

Kada ka kai wa shugabanninka wata lamba sai ka gwada jerin ta fuska biyu. Ka sa manhajar ta zaɓo maka 100 a cikin waɗanda ta kama, zaɓen kan mai uwa da wabi, ka karanta ka ga nawa ne da gaske suke maganar taki. A ce 60 ne, to kashi 40 cikin ɗari na lissafinka ƙaiƙayi ne. Sannan ka ɗebo 200 daga waɗanda ba ta kama ba, ka ga nawa suka zille. A nan za ka tsinci "yuriya", "NPK", "kamfa" da "buhu ya kai kaza" waɗanda ba ka sa ba. Ka gyara, ka sake ɗebo sababbi. Zagaye uku yakan daidaita jeri. Kowane zagaye ka ajiye jerin da kwanan wata, don ranar da za a tambaye ka yadda aka yi lambar ta canja.

Idan na buɗe fayil ɗina a Excel sai in ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa". Rubutun ya lalace ke nan? — Wata malamar makaranta, Kawo

Bai lalace ba, Malama, muddin ba ki danna ajiyewa a kansa ba. An ajiye fayil ɗin da tsarin UTF-8, inda ƙ ke cin gurbi biyu, Excel kuma ya karanta shi da tsohon tsarin Windows, ya ɗauki kowane gurbi harafi mai zaman kansa. Shi ya sa ɗ ke fitowa É— , ɓ kuma É“. Wajen ajiyewa daga Python ki rubuta encoding="utf-8-sig", wannan yana saka wata 'yar alama a farkon fayil da ke sanar da Excel. Ko ki buɗe shi a Google Sheets.

Tunda Excel kike amfani da shi, ga wata ɓarnar da ba ta nuna kanta: lambobi 15 kawai yake riƙewa daidai, lambar rubutun X kuwa takan kai 19, sai ya mayar da na ƙarshen sifiri. Ki shigo da wannan gurbin a matsayin rubutu.

Ina so in raba tsokacin masu sauraronmu gida biyu, masu yabo da masu suka, a kan batun wutar lantarki. Na yi jerin kalmomin yabo da na suka, amma sai na ga masu yabo sun fi yawa, alhali kowa ya san ba haka abin yake ba. — Wani mai gabatar da shiri a rediyo, Tudun Wada

Ɗan uwa, ka ci karo da gatse. Dubi wannan: "Madalla, kwana huɗu ba wuta, Allah ya saka da alheri." Jerinka ya ga madalla, ya ga alheri, ya ba shi maki biyu na yabo. Bahaushe idan ransa ya ɓaci sosai yakan koma addu'a da godiya, kuma babu jerin kalmomin da zai ji muryar da ya faɗe su da ita. "Allah ya kyauta" da "Allah ya sawwaƙe" kuka ne, ko da yake babu kalmar suka a cikinsu. "Allah ya isa" kam ta kai maƙura, ga shi kalmominta uku babu mai muni. Irin waɗannan sai a sa su a jeri a dunƙule, a matsayin jimla, kuma manhajar ta fara nemansu kafin ta koma kalma ɗaya-ɗaya.

Na biyu shi ne korewa. "Kyau" tana cikin "ba kyau", "babu kyau", "bai yi kyau ba". Ƙa'ida mai sauƙi ita ce a duba kalmomi uku kafin kalmar yabo, in akwai ba, babu, bai, ban, a juya makin. Tana taimakawa, amma "ba" tana da wasu ayyukan: "ya ba ni", "an ba su". Ga kuma hamza. Python na ɗaukarta a matsayin rabuwar kalma, sai "jama'a" ta tsage biyu, "ma'aikata" ta zama "ma" da "aikata", "ba'a" ta haifar da "ba" ta ƙarya. A gefe guda, mutane da yawa "ba'a kawo ba" suke rubutawa suna nufin "ba a kawo ba". Ka rubuta tsarin raba kalmominka yadda hamzar da ke tsakiyar kalma za ta zauna cikinta, ka ware wa "ba'a" tata ƙa'idar: in akwai wata "ba" a gaba cikin jimlar, korewa ce.

Ra'ayinmu shi ne jerin kalmomi ya fi dacewa da tambayar "a kan me ake magana", yana da rauni a kan "yaya ake ji". In dole sai ka san yabo da suka, ka bar manhajar ta tace maka masu maganar wuta, ka ɗebo 300 daga ciki, ka ba mutum biyu su karanta kowa shi kaɗai, su sa alama: yabo, suka, ko tsaka-tsaki. Inda suka saɓa, su zauna su daidaita. Aikin yini biyu ne, kuma lambar da za ta fito za ka iya faɗarta a iska ba tare da mai kira ya kunyata ka ba. Mai son zurfafawa ya nemi NaijaSenti, tarin rubutun Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Burokan da masu bincike, akasarinsu 'yan Najeriya, suka fitar a 2022, mutane ne suka sa wa kowanne alama da hannu, kuma kyauta yake. Sai dai yaren Twitter ne na wancan lokacin. Maganar Band A, wato rukunin masu samun wuta sosai, wadda ta cika baki tun da aka ƙara kuɗin wuta a Afrilun 2024, ba za ka same ta a ciki ba.

Yaya zan gane cewa mai rubutu ɗan Kaduna ne? Kuma jadawalina ya nuna wata rana guda da rubutu ya ninka sau goma. — Wani ɗalibin digiri na biyu, Malali

Ba za ka gane da tabbaci ba, sai dai ka gane rubutun da ya ambaci Kaduna, kuma haka ya kamata ka rubuta a rahotonka. Sunayen unguwanni sun fi sunan garin amfani, amma ka tantance su. Rigasa, Kakuri, Barnawa, Badarawa, Kurmin Mashi, Hayin Banki, waɗannan suna nuna gida. Tudun Wada kuwa akwai ta a Zariya da Jos da Gusau, ga ƙaramar hukuma guda a jihar Kano. Sabon Gari ma kusan kowane babban gari na da nasa. Irin waɗannan kada su ci maki sai in wata alamar ta rako su. Ka sa "KD" da "garin gwamna". "Kada" kam ka bar ta, za ta kwaso maka duk wani hani da aka rubuta.

Ranar da ta ninka, kafin ka nemi dalilinta a labarai, ka ƙirga maimaici. Saƙo ɗaya da aka yi ta kwafa ana mannawa, ko addu'ar da aka ce a tura wa mutum goma, shi kaɗai zai ɗaga jadawali. Cire kwafi iri ɗaya sak layin umarni guda ne a pandas, kayan aikin Python na sarrafa tebur, amma a yi shi a kan gurbin da aka tsabtace, bayan an cire adireshin intanet da emoji, don masu kwafa sukan ƙara wani abu a wutsiya. Dabara mai arha ita ce a kwatanta haruffa 60 na farko. Bayan haka ka ƙirga mutum nawa ne suka yi rubutun. Rubutu 900 daga asusu 40 labari ne daban da rubutu 900 daga asusu 700. Kuma ka riƙa bayar da kaso: cikin duk rubutun ranar, kashi nawa ne suka taɓa batunka.

Lokacin da waɗannan kafofin ke bayarwa na UTC ne, wato agogon GMT, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. In ba ka ƙara ba, rubutun sha biyu da rabi na dare zai faɗa jiya. Idan bincikenka ya ratsa 2021, akwai ramuka biyu da ba shirun jama'a ba ne: gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, sannan an katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 saboda matsalar tsaro.

Ni ne admin na guruf ɗin unguwarmu a WhatsApp. Zan iya fitar da hirar in ƙirga koke-koken mutane in kai wa kansila? — Wani dattijo, Rigasa

Za ka iya, Baba, amma ka fara neman yardar 'yan guruf a fili, ka faɗa musu abin da za a ƙirga da wanda za a kai wa. Guruf ba dandalin kowa da kowa ba ne, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗauki suna da lambar waya a matsayin bayanan mutum. Abin da zai isa hannun kansila ya zama adadi kawai: kwata sau kaza, fitilar titi sau kaza, ruwa sau kaza. Yaron da zai taya ka aikin ya fara maye kowane suna da lamba, ya goge duk jerin lambobi 11 da ya fara da 070, 080, 081, 090 ko 091, da masu +234. Kada a kwafi jimlar kowa sak a takardar, don a unguwa salon magana ma suna ne.

WhatsApp na fitar da hira a fayil na rubutu zalla. A zaɓi fitarwa ba tare da hotuna ba, ta fi ɗaukar saƙonni masu yawa. Saƙo mai layi da yawa yakan rikita manhaja, don haka duk layin da bai fara da kwanan wata ba a manna shi da na samansa. A duba kuma ko wayar rana take farawa da ita ko wata, kada 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris.

A fitarwar da ba hotuna, saƙon murya ma ba ya fitowa, sai 'yar alama cewa an tsallake wani abu. A guruf ɗin unguwa dattawa da mata da yawa da murya suke kai kukansu, to a ƙirga alamomin nan a rubuta adadinsu a saman takardar, sannan a samu mutum biyu su saurari na wata guda su ƙara abin da suka ji a lissafin da hannu.